Baƙin dutsen zobe da carbi: obsidiyan za ka saya ko abokan gasarsa?

Baƙin dutse ya shigo yayi. Samari na neman zoben azurfa mai baƙin ido, dattawa na son carbi mai ɗan nauyi a hannu, mata kuma na son abin hannu da zai hau kowace irin atamfa. Daga teburan 'yan koli a Sabon Gari da Tudun Wada har zuwa masu talla ta waya, sunan da ya fi yawo a baki shi ne obsidiyan, alhali ba abu ɗaya ake sayarwa da sunan ba. Wani dutsen ne na ainihi, wani dutse ne daban mai tasa darajar, wani kuwa kwalba ce aka narka aka yi zubi. Ba zan ɓoye zaɓina ba: in dai kyau ake nema, da kwanciyar hankalin cewa ba a cuce ka ba, obsidiyan mai bakan gizo na ƙasar Meziko ya fi mini duk sauran.

Obsidiyan gilashi ne, sai dai ba ɗan Adam ya narka shi ba. Idan dutse mai aman wuta ya amayo narkakken dutse mai kauri, wanda sinadarin silika, wato irin wanda ke cikin yashi, ya kai kashi 70 cikin 100 ko ya fi, kuma ya huce da sauri, ba ya samun sararin yin ƙwayoyi, sai ya daskare sumul. Ɗauki ɓarin Dutsen Kufena ka duba, za ka ga tsaba-tsaba a jikinsa, domin shi a can ƙarƙashin ƙasa ya huce a hankali tsawon zamani. Kayan haɗinsu kusan ɗaya ne, saurin hucewa ya raba su. Mutumin Maƙarfi zai gane da wuri: ruwan rake da aka bari ya kama a hankali mazarƙwaila yake zama mai tsaba-tsaba, narkakken sukari kuwa in ya huce nan take sai ya zama minti mai sheƙi, mai fashewa tas.

Wannan asali shi ke bayyana halinsa duka. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, obsidiyan yana tsakanin 5 da 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7 ce, wato yashi na iya karce shi. Nauyinsa kusan ninki 2.4 ne na ruwa. In ya fashe yakan fashe a lanƙwashe, ya bar baki mai kaifin da ya fi na askar wanzami, har wasu likitocin tiyata sun gwada yin aiki da shi. Kuma ba ya tsufa sosai a cikin ƙasa: a hankali ruwa ke shiga jikinsa, bayan miliyoyin shekaru ya daina zama gilashi. Shi ya sa sai a wuraren da aman wuta bai daɗe da lafawa ba ake samunsa, irin su Meziko, yammacin Amurka, Turkiyya, Armeniya, tsibirin Lipari na Italiya, Milos na Girka, Japan, da kuma Habasha da Kenya a nan Afirka.

Ga rariyar farko ke nan. Ka tambayi mai kaya daga wace ƙasa dutsen ya fito. In ya ce maka na Jos ne ko na Biu, ka ja da baya. Gaskiya ne akwai tsofaffin tsaunukan aman wuta a Biu da wajen Panyam da Kerang a Filato, amma abin da suka amayo tsinkakke ne mai ƙarancin silika, wanda ke zama baƙin dutsen nan mai kaushi da ake kira basalt. Duwatsun Filato masu yawan silika kuwa sun haura shekara miliyan 140, sun wuce shekarun da gilashi ke jurewa. Allah ya ba Najeriya duwatsu masu daraja, akwai saffaya a Mambila da kudancin Kaduna, akwai turmalin a Nasarawa da Oyo, amma obsidiyan da ke kasuwanninmu shigo da shi ake yi.

Baƙi wuluk ɗin, wanda babu komai a jikinsa, shi ya fi yawa, kuma ba wani mai wuyar samu ba ne. A ƙasashen da yake, kilo-kilo ake sayar da shi. Yana da kyau a zoben azurfa, ban musa ba, amma shi ne wanda aka fi yi wa jabu, domin baƙar kwalba da baƙin obsidiyan tauri ɗaya, sanyi ɗaya a hannu, nauyi ma kusan ɗaya. Duk wanda ya ce maka da taɓawa kawai yake bambance su, bai faɗa maka gaskiya ba.

Mai bakan gizo fa? A cikin ɗaki, ko a inuwar rumfa, baƙi ne kawai, ba wanda zai waiwaye shi. Fito da shi rana, ka juya shi a hankali tsakanin yatsunka, sai a wata kusurwa guda launuka su taso daga can cikinsa zobe-zobe: kore, shunayya, ruwan zinare, wani lokaci har da ruwan hoda. Ka ɗan karkata shi, su ɓace. Ka dawo da shi, su dawo. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da narkakken dutsen ke malala, wasu mitsi-mitsin ma'adinai masu ƙarfe a ciki, waɗanda ido ba ya gani, sun jeru shimfiɗa a kan shimfiɗa suna bin hanyar malalar. Haske na shiga ya bugi waɗannan shimfiɗu ya dawo a rarrabe. Launin ba fenti ba ne, ba kuma a fatar dutsen yake ba, tsarin cikinsa ne. Mafi shahara daga jihar Jalisco ta Meziko yake fitowa, akwai kuma na arewacin Kalifoniya a Amurka.

Abu biyu suka sa na fifita shi. Na farko, yana da kunya. Namiji zai sa shi ya je masallaci ko wurin aiki ba tare da ya zama abin kallo ba, kyawun nasa na mai shi ne da wanda ya matso kusa. Na biyu, kuma shi ne babba a wurina, shaidarsa na jikinsa. Mai narka kwalba zai iya ba ka baƙi, zai iya ba ka shuɗi, amma jera shimfiɗun nan a cikin gilashi aiki ne da ya fi ƙarfin ribar da zai samu. Iyakacin dabararsa ya shafa wa saman gilashin wani sinadari mai walƙiya, kuma wannan ba ya ɓuya: launin shafe a kowace kusurwa yake bayyana, a fatar waje yake zaune, kuma in ka duba bakin ramin zare za ka ga inda ya fara ɓarewa.

Sai dai ba kowane mai bakan gizo ne ya cancanci kuɗinsa ba, kuma a nan aikin mai yanka ya shigo. Dole a yanka dutsen yadda shimfiɗun za su kwanta daidai da gindinsa, sannan a goge samansa ya yi tudu. In an yi haka, launukan sai su fito a zagaye a tsakiyar idon zoben. In an yanka shi a karkace, sai ka yi ta murɗa hannu kafin ka ga ɗan kore a gefe, wanda ba shi da amfani a zobe. A carbi kuwa kowace ƙwaya na da nata zagayen launi, kuma ba sa fuskantar waje ɗaya, wata ta nuna kore, wata shunayya, wata ma ta ɗan yi rowa. Wannan rashin daidaiton alama ce mai kyau. Ni na fi son mai rinjayen kore da shunayya, domin ya fi fitowa a kan azurfa, kuma da azurfa ɗin maza za su sa shi tunda zinare ba namu ba ne. Ka nemi wanda launinsa ke fitowa da fitilar waya ma, ba sai da tsakar rana ba, don yawancin lokutanka a inuwa za ka yi su.

Sauran 'yan gidan ba sai na daɗe a kansu ba. Mai sheƙin zinare ko na azurfa, ƙananan kumfar iska ce ta maƙale a cikinsa, yana da kyau, kuma shi zan ɗauka in na rasa mai bakan gizo. Mai fararen ɗigo, wanda wani ma'adini ya fara tsirowa a cikinsa, ya fi dacewa da abin wuyan mata fiye da zoben namiji. Mai ja-ja da baƙi, wanda tsatsar ƙarfe ta ba shi launi, ni bai taɓa burge ni ba. Akwai ƙananan dunƙule na jihar Arizona da ake kira hawayen Apache, waɗanda almara ta ce hawayen matan ƙabilar Apache ne da mazansu suka zaɓi faɗawa daga kan dutse maimakon miƙa wuya ga sojan Amurka, amma ba kasafai suke isowa nan ba. Wanda ya fi duka wuyar samu shi ne mai launin wuta na Glass Buttes a jihar Oregon, kuma duk wanda ya tallata maka shi da araha, ba shi ba ne.

Abokan gasa na waje kuwa, onis, wani dutse dangin aƙiƙ, ya fi obsidiyan tauri, 7 yake, amma akasarin baƙin onis na kasuwa rina shi aka yi, ta hanyar jiƙa dutsen a ruwan sukari sannan a ƙona sukarin da asid, dabarar da masu gyaran dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka shahara da ita, kuma baƙinsa a mace yake, ba ya motsi. Aƙiƙ da alhazai ke kawowa tsaraba dutse ne mai mutunci da juriya, wanda ke aikin ƙarfi da hannu shi ya kamata ya sa, amma shi ma akwai rinanne da yawa. Baƙin turmalin namu ne na gida, yana da tauri, sai yawan tsaga. Dutsen Oltu na Erzurum a Turkiyya ya yi suna wajen carbi, amma ba shi da nauyi, dangin gawayin ƙasa ne. Wanda ake kira hematit mai maganaɗisu kuwa a masana'anta ake haɗa shi, ba ma dutse ba ne.

Akwai dalilin da ya sa nake tsananta maganar shaida haka. Na taɓa sayen carbi mai ƙwaya 99 a wurin wani mai talla ta waya. Hotunan sun yi kyau, bakinsa ya fi hotunan daɗi: "Alhaji, wannan daga Turkiyya aka kawo mini, guda kaɗan ne suka rage, don kai ne na rage kuɗin." Kaya suka iso ta mota, baƙi sumul, da sanyi da nauyi. Da aka soma ja, gumin hannu da damshin alwala suka fara aiki, sai na ga yatsuna na yin baƙi. A bakin ramin kowace ƙwaya fenti ya ɗaye, farin gilashi garau ya leƙo. Na kira lambar, a kashe, kuma haka ta zauna. Abin da ya fi ɓata mini rai ba kuɗin ba ne, abin ambaton Allah ne mutum ya zaɓa ya yi ha'inci da shi.

Don haka ramin zare nake fara dubawa kafin komai. Na ainihi ciki da waje launi ɗaya ne, kuma bakin ramin kan ɗan yi 'yan ƙananan ɓalli masu sheƙi saboda huda shi aka yi. Na zubi bakin raminsa a murje yake, wani lokaci har da siririn layi da ya zagaye ƙwayar inda ɓarin zubin biyu suka haɗu. Sai ka kunna fitilar waya ka manna ta a inda dutsen ya fi siranta. Obsidiyan na gaskiya yakan bar haske ya ɗan ratsa, launin hayaƙi ko ruwan ƙasa, kuma za ka ga zane-zanen malala ko 'yan ɗigo a ciki. Baƙar kwalba takan nuna ja, ko kore, ko shunayya mai tsabta tas, babu zane ko ɗaya, ko kuma ka ga kumfa zagayayyu manya, alhali kumfar obsidiyan ƙanana ce kuma a miƙe take bin malala. Roba ita ce mai sauƙin kamawa: ba nauyi, ba sanyi, kuma allura mai zafi na shigarta.

Jabun launi ya fi na baƙi yawa. Duk abin da aka ce maka obsidiyan ne shuɗi garau, ko ja garau, ko kore mai hango ta ciki, gilashin masana'anta ne. Akwai koren obsidiyan na gaskiya a tsaunin Sierra de las Navajas kusa da Pachuca a Meziko, amma korensa mai duhu ne, yana ɗaukar ruwan zinare, sai a siririn baki ake gane shi sosai. Akwai kuma wani kore shar da ake kira helenait: bayan da dutsen St. Helens na jihar Washington ya yi aman wuta ranar 18 ga Mayu 1980, mutane suka riƙa narka ƙurar dutsen suna yin gilashin ado da ita. Labarin gaskiya ne, amma abin hannun mutum ya yi shi. Haka mai ƙyalƙyalin nan ja-ja ko shuɗi da ke cike da tsaba masu walƙiya, gilashi ne, jan nasa tagulla ce aka narka a cikinsa, sana'a ce da aka sani a Venice tun ƙarni na 17. A nan gida kuma har kashin maƙera, ragowar narkar tama, wani kan goge ya kawo maka, tunda shi ma yakan yi baƙi da sheƙi, sai dai cike yake da ramuka.

Ba gilashin nake ƙi ba. Masagan Bida sun gaji narka kwalba su yi duwatsun wuya da ƙarau kaka da kakanni, kuma ba su taɓa ce wa kowa daga bakin tsauni kayansu suka fito ba. Ka sayi nasu da sunansa da farashinsa, ka yi ado. Wanda nake ƙi shi ne mai canza wa kwalba suna ya ninka mata kuɗi.

Akwai ha'incin da ya fi wannan muni, domin shi ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba. Obsidiyan na da dogon tarihi, kuma 'yan talla na jingina da shi. A Çatalhöyük ta Turkiyya an tono maduban da aka goge daga shi shekara kusan 8,000 da suka wuce. Idanun fuskar zinare ta Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, da farin dutse da obsidiyan aka yi su. Marubucin Rum, Pliny, wanda ya mutu a aman wutar Vesuvius a shekara ta 79, ya ce a Habasha wani mai suna Obsius ya samo dutsen. Mutanen Aztek na Meziko kuwa, kafin Sifaniyawa su ci su da yaƙi a 1521, da shi suke wuƙaƙe, suna jera shi a bakin kulki ya zama takobi, kuma bokayensu na duba da madubinsa da sunan wani gunkinsu, Tezcatlipoca. Ɗaya daga irin waɗannan madubai ya faɗa hannun John Dee, mai yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila duba, madubin yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma binciken da aka fitar a 2021 ya nuna dutsensa na Pachuca ne. Wato ma'anarsa ta gargajiya a wurin masu shi kaifi ce, da madubi, da duba.

Daga nan aka ƙulla tallan da ke yawo yanzu: wai yana tare mugun ido, yana tsotse baƙin ciki, yana jawo arziki. Kun ga abin hannun nan mai baƙaƙen ƙwayoyi da wata dabba ruwan zinare a tsakiya, Pixiu, wadda a almarar Sinawa ake cewa tana haɗiye dukiya ba ta fitarwa. Da yawa daga waɗanda na riƙe a hannuna gilashi ne ko roba, amma ko da dutsen na ainihi ne, dutse ba ya ba da arziki, ba ya kare kowa. Ɗan'uwa Musulmi, ka kiyaye aƙidarka, kada ka rataya zuciyarka a kan abin da ko kansa ba ya iya karewa in ya faɗo a siminti. Wasu kuma ta addinin suke shigowa. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne kuma idonsa na Habasha ne. Masu sharhi wasu sun ce aƙiƙ ne ko jaza'u, wani dutse mai zanen baƙi da fari, wasu sun ce baƙin launinsa ake nufi. Don akwai obsidiyan a Habasha, wannan bai ba ɗan kasuwa damar ce maka shi ne dutsen ba, balle ya ƙara kuɗi a kai.

In ta waya za ka saya, kada hoto ya ishe ka. Ka ce a ɗauko maka bidiyo a rana, ana juya dutsen a hannu, kuma wanda za a aiko maka ɗin ne, ba ɗan'uwansa ba. A yi sharaɗin mayarwa tun kafin kuɗi su fita, ko a bi ta hannun wanda ka sani a garin. In kaya masu yawa ne na sari, ka nemi wanda ya karanci ilimin duwatsu ya duba maka da madubin ƙara girma. A garin da Jami'ar Ahmadu Bello take da sashe guda na wannan fanni a Samaru, ba za ka rasa wanda ya san aikin ba.

Ka fi samun riba in ka sayi idon daban ka kai wa maƙerin fari ya ɗora maka. Ka ce masa, "Baba, a lulluɓe bakin da azurfa ya zagaye, kada a yi masa ƙafafu," domin gefen da ya fito fili shi ke fara ɓallewa in ya bugi ƙofar mota ko bakin famfo. In zoben ya buƙaci gyara nan gaba, a cire dutsen kafin a kai shi wuta, zafi na tsaga shi. A carbi kuma ka sa a yi ɗan ƙulli tsakanin ƙwayoyi ko a bar zaren ba sako-sako ba, don kada su riƙa dukan juna. Lokacin hunturu kada ka goge shi a bushe da bakin riga, akwai yashi a cikin ƙurar kuma zai dusar masa da sheƙi. Ka ɗauraye da ruwa da ɗan sabulu tukuna, sannan ka tsane shi da ƙyalle mai laushi, ka ajiye shi shi kaɗai a 'yar jaka, nesa da makullai da sauran zobba.